Takalmin FR-S: kundin neman taya daga hunturu zuwa ƙarshen damina

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Shekaranjiya, a shataletalen da nake bi idan na taso daga aiki, motar nan ta so ta ba ni kunya. Ba gudu nake ba. Ina giya ta biyu, na ɗan taɓa totur kafin in gama fita daga kwana, sai na ji bayanta ya tafi yawo. Na maido da sitiyari na kama ta, fitilar santsi tana ta ƙyafce-ƙyafce a gabana, mai Keke Napep ɗin da ke gefe ya bi ni da ido kamar ya ga aljani. Kwalta a bushe take, ƙurar hunturu ce kawai a kanta. To, idan a bushe ta yi haka, ranar da Kaduna ta shiga mamakon Agusta fa?

Don wanda bai san motar ba, Scion FR-S ce ta 2013, 'yar Amurka, na saye ta bara a hannun wanda ya shigo da ita. Ita ce dai Toyota GT86, ita ce kuma Subaru BRZ. Uwa ɗaya uba ɗaya, a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan aka ƙera su duka, suna ne ya bambanta. Inji lita biyu, ƙarfin doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, tayoyin baya ne ke tura ta. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta tsorata kowa, Camry mai V6 ma za ta iya nuna mata baya. Daɗinta a kwana yake, kwana kuwa aikin taya ce.

Yau da safe na tsuguna na duba abin da ke ƙarƙashinta, aikin da ya kamata in yi tun ranar ciniki. Tayoyi huɗu, kamfani uku. Na baya biyun ma ba 'yan gida ɗaya ba ne, alhali na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakaninsu irin ta Torsen ce, mai hana ƙafa ɗaya juyawa a banza, kuma ba ta son a haɗa mata takalmi daban-daban. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ta baya ta hagu 1416 ce, mako na 14 na 2016. Ta kusa shekara takwas. Zanenta bai suɗe ba, shi ne ya ruɗe ni, amma robar ta yi tauri kamar tafin takalmin soja, ga ƙananan tsage-tsage a gindin zanen.

Duka huɗun za su tafi. Motar titi ce, ba ta filin tsere ba: ofis, kasuwa, Zariya wajen Hajiya sau biyu a wata, wani lokaci Abuja ko Kano. Da wannan ma'aunin zan zaɓa, kuma na rubuta shi a nan ne don kada son rai ya mantar da ni.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Mako guda ina karatun gefen taya kamar mai shirin jarrabawa. Takardar da ke manne a madogarar ƙofar direba ta ce 215/45R17, iska 35 gaba da baya. 215 faɗin taya ne a milimita. 45 kuwa ba milimita ba ne, kashi ne: tsayin gefen taya kashi 45 cikin 100 na faɗinta, wato wajen milimita 97. Wannan 'yar robar ita ce kaɗai ke tsakanin rim da bakin rami. 17 girman rim ne a inci. Tayar da motar ta zo da ita daga kamfani tana da 87W a gaba: 87 na nufin kowace ɗaya za ta ɗauki kilo 545, W kuma an gwada ta har kilomita 270 a awa. H ta tsaya a 210, V a 240, Y ta kai 300. Ba mai yin 270 a hanyar Zariya sai mai gaggawar zuwa lahira, amma harafin yana da amfani a wurinmu ta wata fuska. Tayar da aka gina don ta jure irin wannan gudun an gina ta ne ta jure zafi, zafi kuwa muna da shi har na sayarwa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne tayar asali ta motar. Michelin Primacy HP ce, irin wadda aka sa wa wasu motocin Prius, motar masu tattalin fetur. Kuma ba kuskure ba ne. Tetsuya Tada, babban injiniyan da ya jagoranci aikin, da gangan ya zaɓi taya marar riƙo sosai don direba ya ji bayan motar yana wasa ba sai ya kai gudun mutuwa ba. Ashe zamewar da ta yi mini akwai halin gado a ciki, tsufan roba ne ya ƙara mata gishiri. Wannan ya sa tambayar ta sauya. Ba wace taya ce ta fi riƙo ba, nawa ne daga cikin wasan zan sayar in sayi kwanciyar hankali.

Sai kuma batun sunaye. Turawa sun raba taya gida uku: ta rani, ta sanyi, da ta kowane lokaci. Mutanenmu da yawa idan suka ji ta kowane lokaci sai su ɗauka ita ce ta rani da damina. Ba haka ba ne. Lokutan da ake nufi sun haɗa da dusar ƙanƙara, don haka an sassauta mata roba da zane don ta iya tafiya a sanyin da ba mu da shi. Ta rani ce gwanar jiƙaƙƙiyar kwalta muddin gari da ɗumi, rauninta kawai idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 ko makamancin haka robarta takan sandare. Sanyin Kaduna, ko a tsakiyar hunturu, bai isa ya dame ta ba. A ƙasar nan tayar rani ita ce ta shekara duka.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na shiga kasuwa, na fito da ciwon kai.

Mai shago na farko, da na ce 215/45R17, sai ya ce, "Alhaji, wannan size ɗin sai an nemo." Na biyu ya kai ni bayan shago ya nuna mini gwanjo, an wanke su an shafa musu mai suna ta sheƙi kamar goshin ango. Zane cike, farashi rabin sabuwa. Na juya ɗaya, sai ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya, ga M+S a gefe, wato alamar laka da dusar ƙanƙara, ga zanen duk an tsattsaga shi da ƙananan layuka kamar an bi shi da reza. Tayar sanyi ce, wani a Turai ya gama hunturunsa da ita ya yar. Robarta mai laushi ce don ta kama ƙanƙara, a kwaltar bazara narkewa take yi, birki ya yi tsawo, zane ya ƙare kafin damina ta fita. Na gaya masa, ya ce ai laushin nan shi ne ingancin, in taɓa in ji. Ban yi masa musu ba. Na ga wata kuma wadda zanenta bai yi kama da aikin injin kamfani ba, ramukan ba su daidaita ba, da alama hannu ne ya zurfafa su. Araha ba ta ado.

Sababbin da na samu a girman motata biyu ne, ɗaya sunan da ban taɓa ji ba, ɗaya kuma ta 2021 ce tana zaune a rana a ƙofar shago. Sabuwa ce a ido, amma ta riga ta ci shekara uku tana gasuwa.

Farashi kuwa ba ya kwana. Dala ta haura naira 1,500 a watan nan, kowane mai shago yana duba waya kafin ya buɗe baki. Ba laifinsu ba ne kacokan. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja a 2008, tayar motocinmu daga waje take zuwa, a ƙasar da ake tatsar roba a Edo da Delta da Kuros Riba. Wannan wani zance ne na daban, kada in tsunduma.

Abu ɗaya na lura da shi wanda zai yi amfani: kusan kowane shago yana da 225/45R17. Girman motoci da yawa ne, Golf, C-Class, BMW 3, Lexus IS.

Asabar, 9 ga Maris

Ƙanina ya zo daga Abuja da waya cike da hotuna. Shi mai zafin kai ne a harkar mota, kuma ya fi ni kallon bidiyo. Ya ce, "Yaya, in dai za ka kashe kuɗi ka kashe gaba ɗaya. Ka sa rim 18, ka sa mata taya mai lamba 200." Muka zauna a tabarma da biro da bayan takardar kuɗin wuta.

Da farko 200 ɗin. A gefen tayoyin da ake sayarwa a Amurka akwai ma'auni uku, na lalacewa, na riƙo, da na jure zafi. Na lalacewa lamba ce: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon saurin ƙarewar taya, kuma galibi gwargwadon laushin roba da riƙonta. Ana gwajin ne a wata hanya kusa da San Angelo a jihar Texas, tafiyar mil 7,200, a kwatanta da tayar ma'auni. Sai dai kamfanin da ya yi tayar shi ke buga lambar, don haka 300 ɗin wannan ba lallai ta zama 300 ɗin wancan ba. Ita 200 ta yi suna ne saboda ƙungiyar SCCA ta Amurka, masu tseren zagaya mazugai a manyan filayen ajiye motoci, ta ce a ajin motocin titi kada taya ta gaza 200. Sai kamfanoni suka shiga gasar yin taya mafi danƙo wadda za a iya buga wa wannan lambar: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Hankook Ventus RS4, Falken Azenis RT660. A busasshiyar kwalta, idan sun ɗauki zafi, ba a haɗa su da tayar titi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari.

Amma ka dubi fuskarsu. Manyan kafaɗu shafaffu, ramukan zane kaɗan kuma ba zurfi. Jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta gagare su ba, kwantaccen ruwa ne abokin gabarsu. Taya ba ta da wata dabara da ruwa illa ta kore shi ta cikin ramukan zanenta. Idan ruwan ya fi ƙarfin ramukan, sai ta hau kansa ta zama kwalekwale, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, birki ya zama ado. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Zariya cikin ruwan Agusta ya san yadda yake kwanciya a sawun da tireloli suka lotsa. Na tambaye shi sau nawa zan shiga filin tsere a shekara. Ya yi shiru. Sau nawa ruwa zai kama ni a hanya? Ya yi dariya. Ga ƙara, ga tauri, ga saurin ƙarewa, ga kuma babbar matsala: idan ƙusa ta yaga ɗaya a gefe, ina zan samo 'yar uwarta a Kaduna ranar Talata da yamma?

Sai rim 18. Sabuwar Toyota GR86, magajiyar motar nan, mai babban aji tana zuwa da 215/40R18, Michelin Pilot Sport 4, kuma ta yi kyau, ba ƙarya. Amma lissafi: kashi 40 na 215 milimita 86 ne. Na yanzu 97. An rage mini milimita 11 daga abin da ke kare rim, a garin da rami yake fitowa cikin dare kamar naman kaza. Motar da dama tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba. Ya ce to 245/40R17, mai faɗi. Ita kuma ba ta zama a rim mai faɗin inci 7 irin nawa, sai 8 zuwa sama, sai na sayi rim huɗu. Neman rim ɗin motar nan kuwa wani aiki ne. Ramukan notinta biyar ne a da'irar milimita 100, na Camry da 'yan uwanta 114.3. Na wasu Corolla ya dace a ramuka, amma huɗar tsakiyarsa 54.1 ce, tawa tana son 56.1, ba zai zauna ba. Sunan Toyota ne a takarda, ƙafafun na Subaru ne. Bayan haka, doki 200 bai buƙatar 245. Za ka ɗaure motar ne kawai, ta yi nauyi a hannu, ta ƙara shan mai.

Da muka zo kan 225/45R17 sai lissafi ya yi daɗi. Gefe milimita 101, ƙarin huɗu da rabi. Tsayin taya gaba ɗaya ya tashi daga milimita 625 zuwa 634, bambancin kashi 1.4 cikin 100. Tana zama a rim mai inci 7, ko da yake shi ne iyakar ƙanƙantar da aka yarda mata. Kuma ana samunta ko'ina. Ƙanina ya ce na tsufa. Na ce na gode.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi, ga zafi. Ban taka kasuwa ba. Ina lallaɓa tsofaffin, ba na wuce 90, kuma ina duba iska kowace Juma'a da sassafe kafin motar ta motsa. Na sayi geji nawa na kaina, na daina dogara da na bakin titi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Barka da Sallah. Jinkirin ya zama alheri, naira ta ɗan farfaɗo a makonnin nan, masu shago sun sauko daga kan doki.

Na rage zaɓi zuwa biyu, duka a 225/45R17: Michelin Pilot Sport 5 da Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6. Dukansu sun fito a 2022, dukansu tayoyin rani ne na motocin gudu da aka yi don titi, kuma a takardar Tarayyar Turai da ake mannawa a fuskar sabuwar taya dukansu suna da A a riƙon jiƙaƙƙiyar hanya. Wannan harafin na fi kallo, fiye da na tattalin mai da lambar ƙara da ke kusa da shi. Gaskiya tsakanin biyun nan, a gudun da mai hankali zai yi a titi, ban yi imanin hannuna zai bambance su ba. Don haka na bar wa kalanda hukunci: wadda aka samu guda huɗu, mako ɗaya ko kusa, ba ta wuce shekara da haihuwa ba, ita zan ɗauka.

Na kira wani dila a Legas da abokin aikina ya haɗa ni da shi. Na ce kafin in tura ko kobo ya ɗauko mini hoton lambar DOT ta kowace ɗaya, ba guda ya nuna mini ya ce sauran haka suke ba. Ya ɗan ji haushi, amma ya turo. Pilot Sport 5, 94Y, mai XL, wato an ƙarfafa ta don ƙarin nauyi, kilo 670 kowace ɗaya. Uku 3823, ɗaya 4023. Na ce a ɗaure.

Da uwargida ta ji kuɗin sai ta ajiye ludayi ta ce, "Abban yara, taya ce ko babur?" Na ce taya ce, amma ita ce kaɗai abin da ke taɓa ƙasa a motar, kowace ɗaya faɗin tafin hannu. Ta ce ta ji, amma a tuna da wannan wa'azin ranar da za ta kawo maganar firji.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ranar sawa. Tun da safe na biya wajen Baba mai faci na bakin layinmu, wanda ya fi shekara goma yana ba ni iska tun ina da tsohuwar motata. Na gaishe shi na ce, "Baba, wannan aikin sai inji, kada ka ga na wuce ka ka ce na yi girman kai." A cikin kowane rim, a gindin bawul, akwai 'yar na'ura mai sanar da direba idan iska ta ragu. Dokar Amurka ce ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun 2007. Ƙarfen da Baba yake zurawa ya ɓamɓare taya, idan ya same ta sau ɗaya ta tafi. Ya ce, "Je ka ɗana, Allah ya sa a kashe lafiya. In ƙusa ta shiga ai ka san hanya."

A wurin masu inji na tsaya a kansu, ban zauna a benci ba, kuma da na zauna da an yi ɓarna uku. Ta farko, zanen tayar nan ba ɗaya ba ne ciki da waje. Kafaɗar waje mai manyan duwatsu ce don kwana, ta ciki ta fi ramuka don ruwa, kuma an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli titi. Yaron ya ɗora ta biyu a juye. Na nuna masa, ya ce ai duk ɗaya ne. Ogansa ya zo ya duba ya ce a sauke. Ta biyu, noti ɗaya ya ci, suka ɗauko na Toyota za su maye. Ya fara shiga da ƙyar, yaron ya miƙa hannu zai ɗauko bindigar iska ya tura shi da ƙarfi. Na riƙe hannunsa. Zaren notin motar nan 1.25 ne irin na Subaru, na Toyota 1.5, da an matsa da an kashe ƙusar gaba ɗaya. Aka aika aka nemo daidai. Ta uku, iska. Sun buga 48 don taya ta zauna a bakin rim, amma suka bar ta haka za su miƙo mini makulli. Na fito da gejina muka sauke zuwa 35.

An yi balansin, an ɗaure notuna da sifanar da ke ƙara idan ta kai ƙarfin da aka saita, 120 Nm, ba da tsalle a kan ƙarfe ba. Sannan alaimen. A nan aka gano ƙafar baya ta hagu ta ɗan buɗe waje, ita ma tana da hannu a abin da ya faru a shataletale. Da na sa sababbin tayoyi ban gyara wannan ba, da na zuba ruwa a rariya.

Na juya sitiyari iyakarsa hagu da dama, na leƙa da tocila. Ba ta gogar komai.

Asabar, 18 ga Mayu

Kilomita 600 na farko na bi ta a hankali, saboda sabuwar taya takan zo da ɗan santsin masana'anta a fuska. Yau na je Zariya na dawo.

Birki ne ya fara ba ni mamaki, ba kwana ba. Wata akuya ta yanko titi wajen Jaji, na taka, motar ta tsaya kamar an riƙe ta da igiya, ban ji bugun nan na ABS a ƙafata ba ko sau ɗaya. Da tsofaffin da tuni feda tana rawa. Ƙananan gargada kuma sun yi laushi, ƙarar da nake zargin beyarin ne ashe taya ce, ta ɓace.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na koma shataletalen nan da sassafe ba kowa, giya ta biyu, na taɓa totur kamar ranar. Shiru. Na ƙara. Ta bi layinta kamar jirgin ƙasa. Wasan da Tada ya gina mata yana nan, amma ya koma can sama, a gudun da ba ni da hurumin nemansa a cikin gari. Na ji ɗan kewa, ba zan ɓoye ba. Sitiyari kuma ya ƙara nauyi kaɗan, kuma a farkon juyawa akwai wani ɗan jinkiri, ƙiftawar ido, kafin hanci ya amsa. Wannan kuɗin 225 ne a kan rim mai inci 7: gefen taya ya ɗan yi tumbi, sai ya lanƙwasa kafin ya riƙe. Da 215 na sa da ta fi kaifi. Na san da haka na zaɓa.

Hajiya ta leƙo ta ga motar a ƙofar gida ta ce har yanzu ban sayi mai ƙofa huɗu ba. Ba ta lura da tayoyin ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Abu biyu a taƙaice. Na gwada agogon gudu da na waya a hanyar Abuja. Da can idan allo ya nuna 100 waya takan nuna ƙasa da haka kaɗan, yanzu sun kusa haɗuwa, daidai da lissafin kashi 1.4. Sai in riƙa tunawa cewa rangwamen da agogon yake yi mini ya ƙare.

Na biyu, da na tsaya shan mai a Tafa na sa geji don son sani: 39, alhali da safe 35 na bari. Wani direba da ke gefe ya ce in rage kada ta fashe. Ban rage ba. Iska takan hau idan taya ta yi zafi, kuma an yi lissafin 35 ɗin ne a kan taya mai sanyi. Wanda ya sauke ta da zafinta, gobe da safe zai tashi da taya marar iska, ita ce kuwa mai lanƙwasa tana dafa kanta har ta tarwatse.

Asabar, 24 ga Agusta

Jarrabawar da aka yi duk wannan hidima dominta ta zo ranar Lahadin da ta wuce. Na baro Zariya bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kafin in kai rabin hanya sama ta buɗe. Waifa a matakin ƙarshe ba ta isa ba. Na sauko 70, na kunna fitilu, na kauce wa sawun tireloli gwargwadon iko.

Inda ba a iya kaucewa, na ji ruwan yana dukan ƙarƙashin mota, na ji ta ɗan ja baya kamar an kama rigarta, amma sitiyari bai mutu a hannuna ba. Sau ɗaya kawai, a wani kwari da ruwa ya taru sosai, ya yi sakayau na daƙiƙa guda. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taɓa birki ba, ban murɗa komai ba, ta dawo da kanta. Wannan daƙiƙar ta tuna mini cewa taya mai faɗi ta fi saurin hawa ruwa fiye da siririya, kuma mota marar nauyi ba ta da abin danne ta. Da 245 ɗin ƙanina ce, ko mai lamba 200, a wannan kwarin, ban san labarin da zan rubuta ba. Na kira shi da daddare na ba shi labari. Ya ce to ai shi dama don rani ya ba ni shawara.

Washegari na faɗa wani rami da ruwa ya rufe a cikin gari, ƙafar gaba ta dama, har haƙorana suka haɗu. Na tsaya na shafa gefen taya ciki da waje ina neman kumburi. Babu. Bakin rim ma bai lotsa ba. Ba zan rantse cewa milimita huɗu da rabin nan ne suka cece ni ba, amma na san da rim 18 ne da yanzu ina neman mai gyaran rim.

Asabar, 28 ga Satumba

Kilomita 8,000 da 'yan kai tun sawa. Na auna zurfin zane da 'yar ma'aunin da na saya tare da geji. Na baya sun fi na gaba ci da kusan rabin milimita, ba mamaki, su ke turawa. Cin ya tafi daidai daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sai dai gefen waje na na gaba ya ɗan fi goguwa, shaidar shataletale. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudun da ke nuna iyaka a milimita 1.6, amma ni a 3 zan sauke su, saboda zanen da ya isa rani bai isa kwarin hanyar Zariya ba.

An juya su yau. Tunda ba masu bin fuska ɗaya ba ne, na baya sun zo gaba kai tsaye, na gaba sun koma baya a gicciye, OUTSIDE yana waje a duka. Na sake duba alaimen saboda ramin Agusta, ƙafar dama ta ɗan kauce, an maido ta.

Saura biyu. Sifiyar da ke but 'yar siririya ce ta wucin gadi, kuma da na duba lambarta ta 2012 ce, tun daga masana'anta ba a taɓa sauke ta ba. Ina son in sayi ta biyar irin waɗannan in ajiye a ɗaki, nesa da rana da janareta, amma dala ta sake hawa kuma maganar firji ta taso. Na tura wa dilan Legas saƙo ya sanar da ni idan 'yan 2024 sun iso.